Kafin ka nemi Niyok, ka iya rubuta Gaya

Yaranmu da suka gama lisansi a Yamai ko Dosso, da waɗanda suka tsallaka Sakkwato ko Parakou neman ilimi, sun fara ɗaga ido zuwa wani aiki da iyayensu ba su taɓa jin sunansa ba: zuwa sanin makamar aiki a ofisoshin da ke tsara manufofin wanzar da zaman lafiya na duniya. Buri ne mai kyau, ba ni da niyyar rage muku shi. Sai dai yawancinku, da an ambaci wanzar da zaman lafiya, abin da ke faɗo muku a rai shi ne soja da shuɗiyar hula a bayan farar mota. Wannan shi ake nunawa a talabijin. Wanda ba a nunawa shi ne mutumin da ke zaune gaban kwamfuta yana rubuta shafi biyu, waɗanda wani babba zai karanta cikin minti biyar, kuma da su za a yanke ko a tura wancan sojan ko a janye shi. Kujerar wannan mutumin kuke nema, ƙannena, ko kun sani ko ba ku sani ba. Aikin alƙalami ne. Don ku san nauyinsa, bari mu fara da abin da ke bakin ƙofarmu.

Duk ɗan Gaya ya san tsibirin Lete. Tun kafin 'yancin kai Nijar da Dahome (Benin ta yau) ke ja-in-ja a kansa. An yi tashin hankali a can a 1959 da 1960, a ƙarshen 1963 kuwa rigimar ta haɗu da wasu har Nijar ta kori ma'aikatan Dahome da ke aiki a ƙasarta, aka rufe iyaka. Haka aka yi ta kai ruwa rana kusan shekara arba'in, sai ranar 15 ga Yuni 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai maganar Kotun Duniya da ke Heg. Ranar 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci: iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi a babbar hanyar jirage ta kogin, cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9, ko a kan gadar Gaya da Malanville ma, layin nan na cikin ruwa shi ne iyaka.

Wannan kowa ya ji a rediyo. Abin da ba kowa ya ji ba shi ne wasiƙu biyu da aka kara a gaban alƙalai. Benin ta dogara da wasiƙar 27 ga Agusta 1954, wadda Raynier, mai riƙon kujerar gwamnan Nijar, ya rubuta yana cewa iyaka tana gaɓarmu ta hagu, inda ruwa ke kaiwa in kogi ya cika. Da an bi ta, da Lete ya tafi. Nijar kuwa ta fito da wata tsohuwa, ta ranar 3 ga Yuli 1914, wadda wani ƙaramin jami'i mai suna Sadoux, da ke riƙe da Gaya, ya aika wa takwaransa na ɓangaren Dahome. Shi ba don tarihi ya rubuta ba. Damuwarsa ita ce wa zai ba Fulani takardar izinin kiwo a kan tsibiran, kuma kotun wane ɓangare za ta yi shari'a in an yi faɗa. Sai ya jera tsibiran ɗaya bayan ɗaya, ya nuna kowane yana wane gefe na babbar hanyar ruwa. Alƙalai suka duba suka ga tsarin nan shi aka yi ta aiki da shi shekara arba'in, kuma Gaya ce ke tafiyar da mulkin Lete har da karɓar haraji. Takardar gwamna ba ta yi ƙarfin tsayawa hujja ba. Ta ƙaramin jami'i ta yi magana bayan shekara 91.

Ba yabon Nasara nake ba. Aikin mulkin mallaka yake yi, don haraji da iko. Abin da nake so ku riƙe shi ne takardarsa ta rayu don ta faɗi abu takamaimai, a kan matsala takamaimai, da kwanan wata, kuma mutanen da ke wurin sun iya aiki da ita. Ku kuma lura da wadda ta jagoranci wakilan Nijar a shari'ar: Aïchatou Mindaoudou, ministar harkokin waje a lokacin. Daga baya ita ce ta shugabanci aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodebuwa daga 2013 har aka naɗe shi a 2017. 'Yan matanmu, wannan taku ce. Kada wani ya ce muku fagen nan na maza ne.

To, mene ne ainihin aikin? A hedikwatar Majalisar da ke Niyok akwai sashen ayyukan zaman lafiya, wanda ake taƙaitawa DPO, Jean-Pierre Lacroix ke riƙe da shi tun 2017. A cikinsa akwai ɓangaren manufofi da bita da horo, inda ake rubuta jagororin da rundunoni ke bi: yadda za a kare farar hula, yadda za a yi hulɗa da hukumar ƙasar da aka sauka, yadda za a janye in lokaci ya yi. Majalisar ba ta da soja nata ko ɗaya. Kwamitin Sulhu mai kujeru 15 shi ke ba da umarni. Kwamiti na Biyar na Babban Zaure shi ke riƙe da jakar kuɗi. Ƙasashe kuma su ke ba da aron sojoji da 'yan sanda, kowace da sharuɗɗanta. Mai tsara manufa yana tsakaninsu kamar dillali a kasuwar shanu: mai saye yana son bijimi da kuɗin maraƙi, mai sayarwa yana riƙe da igiya, shi kuma dole ya fito da cinikin da ba zai warware ba in an kai gida.

Kai da ka je sanin makamar aiki ba za a ba ka wannan cinikin ba. Za a zaunar da kai a kujerar baya a taron awa biyu, a ce kafin magariba ana son rabin shafi: wa ya yarda, wa ya ƙi, wa ya yi shiru alhali ana jiran ya yi magana, me aka ɗora wa wa, zuwa yaushe. Za a tura maka rahotanni ashirin daga Bangi ko Juba a ce ka fito da abin da ya sake tun makon jiya. Za a ce ka rubuta wa maigida abin da zai faɗa wa jakadan wata ƙasa, layi biyar, ba ƙari. A nan ne tarbiyyarmu da karatunmu ke haɗuwa su ba mu wahala. A gida an koya mana ba a faɗa wa babba magana kai tsaye, sai an gaisa, an tambayi gajiya da iyali, an kewaya. A lakwal kuma an koya mana gabatarwa, da hujja, da kishiyar hujja, sai can ƙasan shafi na huɗu a faɗi abin da ake nufi. A can ofishin, layin farko shi ne hukuncinka. Sauran duk goyon baya ne, kuma mai yiwuwa ba za a kai gare su ba. Wannan ba rashin ladabi ba ne. Mutumin da zai karanta yana da takarda hamsin a gabansa.

Kada kuma ku ɗauka takarda mai kyau kullum tana cin nasara. Ranar 11 ga Janairu 1994 Janar Roméo Dallaire, kwamandan rundunar Majalisar a Ruwanda, ya aika wa Niyok saƙo cewa ana ɓoye makamai kuma ana shirin kisan Tutsi, ya ce zai kai samame. Aka hana shi. Da kisan ya fara a Afrilu, sai Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa mutum 270. Kimanin mutum 800,000 suka halaka cikin kwana ɗari. Kunyar wannan da ta kisan Srebrenica ita ta haifi rahoton Lakhdar Brahimi na Aljeriya a Agustan 2000, wanda har yau duk mai shiga wannan fage sai ya karanta shi. Gargaɗinsa da ya fi zama a zukatan mutane shi ne ma'aikata su riƙa faɗa wa Kwamitin Sulhu abin da ya kamata ya sani, ko da ba shi yake son ji ba. Faɗinsa da sauƙi. Ranar da ka ga an sassauta jimlarka don kada wata babbar ƙasa ta ji haushi, ranar za ka san irin aikin da ka shiga.

Mali ta fi kusa da mu, kuma jininmu yana ciki. An kafa rundunar Majalisar a can, MINUSMA, a Afrilun 2013. Ranar 3 ga Oktoba 2014 aka yi wa ayarin sojojin Nijar da ke cikinta kwanton ɓauna tsakanin Ansongo da Menaka, tara suka rasu. Kafin a rufe ta, fiye da ma'aikatanta 300 sun mutu. Ranar 16 ga Yuni 2023 ministan harkokin wajen Mali, Abdoulaye Diop, ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu ya ce su tattara su fita ba tare da ɓata lokaci ba. Ranar 30 ga watan aka zartar da rufe ta, 31 ga Disamba aka gama. Ƙa'idojin aikin nan uku ne: yardar masu rikici, rashin ɗaukar ɓangare, da kuma rashin amfani da ƙarfi sai don kare kai ko kare umarnin da aka bayar. A ganina, inda aka yi tuntuɓe shi ne ta farko. A takarda, yarda tana nufin sa hannun gwamnati. A kasuwar Gao kuwa, mutumin da aka kore wa shanu yana ganin motoci masu sulke suna wucewa, an kuma ce masa ba yaƙi da 'yan ta'adda suka zo yi ba. Gaskiya aka faɗa masa, umarninsu bai ce haka ba. Amma shi bai ga amfanin baƙon da ke da bindiga ya kuma ce ba don ɓarawonka ya riƙe ta ba. Tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta a Niyok da abin da ake tsammani a Gao ita ta cinye rundunar a hankali, tun kafin gwamnati ta buɗe baki.

Ku kun san irin wannan tazarar, don kun zauna a cikinta. Ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. A takarda kalma uku ce: an rufe iyaka. A Gaya kuwa kun ga abin da kalma ukun ta zama. An toshe gada. Manyan motocin da suka taso daga tashar Kwatano sun yi jerin gwano a Malanville, direbobi da yaran mota suna dafa abinci a ƙarƙashin tirela mako bayan mako. Wutar da ke zuwa daga Najeriya ta ɗauke. Amma kogi bai rufe ba. Bakin ruwa ya koma tasha: masu kwale-kwale da a da sai sun yi roƙon fasinja sun zama masu faɗa a ji, 'yan dako suna kai buhu daga mota zuwa jirgi, daga jirgi zuwa amalanke, 'yan kabu-kabu suna jira a tudu, kuma kowane hannu da kaya ya bi sai ya ɗora nasa kafin ya kai ga mai tiya a kasuwa. An ɗora babur a kwale-kwale, an ɗora tsohuwa mara lafiya, an ɗora amarya da kayanta. Wasu sun yi arzikin da ba su taɓa mafarki ba, wasu jarinsu ya narke a cikin mota. Manyan kaya kuma suka koma doguwar hanyar Lome, ta Burkina zuwa Tera, da rakiyar soja. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta ci gaba da rufe nata bisa dalilin tsaro, rigimar bututun mai na Agadem ta hau kai, ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina daga ƙungiyar ta tabbata.

Ba ina nan don raba gardamar wa ke da gaskiya ba. Abin da nake cewa shi ne waɗanda suka tsara takunkumin masu mulki suka nufa, amma wanda ya fara jin zafinsa mai neman magani ne da mai awo. Wannan lissafin da ya kuskure aikin masu tsara manufa ne, kuma da akwai ɗan bakin kogi a ɗakin, mai iya bayani a shafi ɗaya, da ya gaya musu iyakar da ruwa ya ratsa ba a rufe ta da kwantena. Da ɗan gari akan ci gari. Yaron da ya tashi a Paris ko Boston, ya yi masta a kan rikicin Sahel, ya fi ku littattafai, ya fi ku Turanci, amma bai taɓa ganin yadda farashin shinkafa ke motsi in jandarma ya sake wurin tsayuwa ba.

Sai dai kada wannan ya sa ku fankama. Gani ba ilimi ba ne sai an rubuta shi yadda wani zai iya dubawa ya tabbatar. Cikinku wa ya riƙe littafi a watannin nan ya rubuta kuɗin tsallakawa mako-mako, da farashin buhu, da ranar da ya sake da dalilin sakewarsa? Masanin da ake yawan ambata a duniya a kan kasuwancin Gaya da Malanville da Kamba, Olivier Walther, daga Suwizalan ya zo, ya zauna da manyan 'yan kasuwarmu, ya fitar da littafi a 2008. Bai saci komai ba. Ya yi tambaya, ya rubuta. Mu da muka gaji maganar muna hira da ita a majalisar shayi, ta tashi tare da hayaƙin gawayi.

Saboda haka sanin makamar aikinku na farko a nan gida yake, kuma ba ya buƙatar biza. Tun 1993 Nijar take da dokar karkara da ta kafa hukumomin filaye, waɗanda ake kira Cofo, daga matakin gunduma har ƙauye. Ku nemi izini ku riƙa zama a gefe idan ana sasanta ɓarna. Ga yadda abin yake: kaka ta yi, hukuma ba ta kai ga sanar da ranar sakin gonaki ba, shanu sun faɗa gonar dawa da dare. Da safe an taru ƙofar maigari. Manomi yana rantsuwa rabin gonarsa ta tafi. Bafulatani yana cewa burtalin da kakansa ke bi ne aka nome, ta ina zai kai dabbobi mashaya. Ruga, shugaban makiyaya, yana ƙoƙarin kwantar da nasa. An tashi mutane su je su auna inda aka ci. Kai kuma kana zaune da alƙalami. Rubuta rana da wuri. Rubuta abin da kowa ya ce ba tare da ka gyara masa ba. Sannan ka raba shafinka: abin da na gani da idona, abin da aka faɗa mini, abin da nake zato. Kada ɗaya ya shiga gonar ɗaya. Ka kuma tambayi kanka wa ba ya wurin. Sau da yawa yaron da ke tsaye da sanda ɗan haya ne, mai shanun yana cikin gari a babban gida, kuma shi ne zai ce a biya ko kada a biya.

In ka yi haka kaka ɗaya, a ƙauyuka biyar ko shida, za ka fara ganin abin da ko maigari bai hanga ba: cewa faɗan yana taruwa a kan burtali kaza, cewa ya ƙaru tun da Benin ta hana shigar garken ƙasashen waje a ƙarshen 2019, dabbobi suka cunkushe a wannan gefen, cewa a inda ake biyan kuɗin ɓarna a gaban jama'a ba a cika komawa ga adda ba. Wannan shi manyan ofisoshi ke kira gargaɗin farko, suna kashe miliyoyi a kansa. Kuma ba ƙaramin abu ba ne: a Toda, cikin jihar Maraɗi, a Oktoban 1991, rigimar manoma da makiyaya ta ci fiye da mutum 100, galibi mata da yara.

A nan ne kuma za ka gwada kanka da ƙa'idar rashin ɗaukar ɓangare, wadda ke da daɗin faɗi a aji. Kai ɗan manomi ne, ko ɗan makiyayi, ko ɗan masunci. Wanda ake ƙara ƙila kawunka ne. In ka rubuta rahoton da ɗan'uwanka da abokin faɗansa za su ji an karanta, kowa ya ce e, haka na faɗa, to ka fara iya aikin. In ba ka iya ba a kan gonar dawa, ba za ka iya ba a kan Darfur.

Wata magana kuma, ku saurare ta da kunnen basira. Zamanin nan ba na wasa da alƙalami ba ne a bakin iyaka. Dajin W yana nan kusa, kun san abin da ke faruwa a cikinsa da kewayensa. Kada ku ɗauki hoton soja, ko shinge, ko bututu. Kada ku rubuta sunan wanda ya ba ku labari a inda wani zai gani. Ku sanar da hukumar gari ko furefe abin da kuke yi, ku riƙe takardar makarantarku a aljihu. In wani da ba ku sani ba ya same ku a WhatsApp ya ce zai riƙa biyan ku don ku gaya masa motsin jami'an tsaro, wannan ba bincike ba ne, leƙen asiri ne, kuma ku za ku kwana a ciki, ba shi ba. Farashi, da burtali, da sasanci sun ishe ku.

Yanzu maganar kuɗi, wadda masu ba da labarin nasara ba sa son taɓawa. Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta biyan masu sanin makamar aiki ko dala. Wata biyu ne zuwa shida. Jirgi, biza, haya, abinci, inshorar lafiya, duk a wuyanka. Hayar ɗaki ɗaya a Niyok na wata guda ta isa riƙe gida a Gaya watanni. A 2015 an yi ta surutu a kan wani matashi ɗan Niyuzilan da aka gani yana kwana a tanti a Janiba saboda haka. In ɗan ƙasa mai arziki ya kwana a tanti, kai ina za ka kwana? Kuma ba alkawarin aiki a ƙarshe. Ra'ayina a fili yake: wannan tsarin rashin adalci ne, yana tace 'ya'yan talakawan ƙasashen da ake tura rundunonin, ya bar 'ya'yan masu hali su rubuta manufa a kansu. Amma kafin a gyara shi, kada wanda ya sa mahaifinsa ya sayar da gonar fadama ko shanun noma don wata shida a Amurka. In ka sami tallafin karatu da zai ɗauki nauyin, bismilla. In babu, ka jira. Ƙofa ba ɗaya ba ce.

Hukumomi irin su PNUD da UNICEF suna ba masu koyon aiki ɗan alawus, kuma suna da ofis a Yamai. Shirin 'yan sa-kai na Majalisar, UNV, yana biyan kuɗin zama, kuma ana iya yin sa a cikin ƙasa. Akwai jarrabawar YPP ta ɗaukar matasan ma'aikata a Majalisar ga wanda bai wuce shekara 32 ba, in ƙasarsa tana cikin jerin shekarar. A gida akwai HACP, hukumar ƙarfafa zaman lafiya; akwai cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai da Parakou, inda ake koyon tambaya da rubutu a kan irin abubuwan da na lissafa; akwai hukumar kogin Neja mai ƙasashe tara, ita ma a Yamai. A maƙwabta akwai ofishin Majalisar na yankin, UNOWAS, a Dakar, cibiyar Kofi Annan da ƙungiyar WANEP a Akra, makarantar Alioune Blondin Beye a Bamako, cibiyar Martin Luther Agwai a Jaji. Ƙofar CEDEAO ta ƙuntata ga mai takardun Nijar, amma sababbin hukumomin AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, su ma sai da masu alƙalami za su tsaya.

Ku kuma sani fagen shuɗiyar hula yana tsukewa. An rufe aikin Kodebuwa a 2017, na Laberiya a 2018, na Darfur a ƙarshen 2020, na Mali a 2023, kuma tun da aka kafa na Afirka ta Tsakiya a 2014 ba a sake buɗe wata babbar runduna irinsu ba. Kuɗi ma yana ƙaranci. A Disamban 2023 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2719, wanda ya buɗe hanyar biyan har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunonin da Tarayyar Afirka ke jagoranta. Alama ke nan cewa aikin gobe zai fi karkata Adis Ababa da manyan biranenmu. Wanda ya ɗaure burinsa ga gini ɗaya a Niyok zai iya tsufa yana jira.

Harshe kuwa, kuna da rabo amma da saura. Ɗan Gaya yakan tashi da Dandanci da Zabarmanci da Hausa, wani har da Fulatanci, lakwal ta ƙara masa Faransanci. Sakatariyar Majalisar da Ingilishi da Faransanci take aiki, amma a hedikwata Ingilishi ya fi rinjaye nesa ba kusa ba. Dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ma ta sa shi cikin harsunan aiki na Nijar. Kamba tana nan kusa, Birnin Kebbi da Sakkwato ba nisa. Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya shugabanci Babban Zauren Majalisar daga 2019 zuwa 2020, ɗan Zagga ne a jihar Kebbi, nan ƙasan kogi. Maman Sidikou ya riƙe aikin Tarayyar Afirka a Somaliya, ya riƙe na Majalisar a Kwango. Babu ɗayansu da ya kai can da harshe guda. Ba Ingilishin fim nake nufi ba. Wanda za ka rubuta shafi da shi ba a tsaya gyara maka ba.

Idan ranar neman gurbin Sakatariyar Majalisar ta zo, a dandalin Inspira ake cikewa, kuma ana karɓar wanda ke shekarar ƙarshe ta digirin farko, ko mai masta, ko wanda ya gama. Majalisar ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom ko na horo, ɗan damfara ne, komai kyan tambarin da ke kan wasiƙarsa. A wurin da aka ce ka bayyana dalilinka, kada ka rubuta cewa tun kana yaro kake ƙaunar zaman lafiya. Mutum ɗari biyar sun riga ka rubuta haka. Ka ce ka bi zaman sasanci kaza a ƙauyuka kaza cikin kaka ɗaya, ga abin da ka gano, ga malamin jami'a ko sakataren Cofo da zai shaida. Ka ba wanda ya fi ka harshen ya duba maka, ba abokinka da zai ce ya yi kyau ba. Ranar rufewa kuma da agogon Niyok ake lissafa ta, wuta da rezon Gaya kuwa ba su san da wannan ba, don haka ka tura da sauran kwana uku a hannunka.